Ƙaramar Hukumar Toro Ta Yi Wa Shugaba Ɗaya Yawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan ƙaramar hukumarmu ta Toro a jihar Bauchi, wadda yawancin mutane suka sani ta tagar mota kawai.

Matafiyin da ya gangaro daga Jos zai wuce Tilden Fulani, ya wuce Magama Gumau da Nabordo, ya hangi dutsen Zaranda, ya ɗauka ya gama ganin Toro. Bakin zane kawai ya gani. Ƙasar ta miƙa arewa can, ta Gumau da Rishi har dajin Lame-Burra. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 6,900, wato kusan ninki biyu na jihar Legas mai ƙananan hukumomi 20. Mu kuwa shugaba ɗaya, sakatariya ɗaya. A ƙidayar 2006 mun haura mutum 350,000, kuma yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu magidanta ne.

Arziki dai Allah ya ba mu. Muna gindin tsaunukan Filato, ruwan da ya sauka a bisa wajenmu yake gangarowa, shi ya sa fadamunmu ba sa ƙishi. Masara, dankali, tumatir, ga shanun Fulani, ga kuza da samari ke haƙa a ramuka (wannan ma wata wasiƙar ce, don ramukan sun ci rayuka). To amma amfanin gona sai ya fita kasuwa yake zama kuɗi. Bara ƙanina ya haƙe dankalinsa, aka ɗinke buhuna, sai rafi ya kawo ruwa. Kwana uku mota ba ta haye ba. Da kyar 'yan acaɓa suka riƙa ɗauka buhu ɗai-ɗai, ana turawa cikin taɓo har gwiwa. Kafin a isa bakin titi rabi ya fara ruɓa, dillali ya taya yadda ya ga dama, ƙanin nawa ya ce alhamdulillahi don ba shi da zaɓi. Haka mai naƙuda ke sha idan dare ya yi.

Ban ce laifin wani ba ne. Ko waye ya hau kujerar, kason wata ɗaya ba zai yi wa ƙasa mai wannan girma kwalbati da asibiti da aji ba. Rabon da a ƙirƙiro ƙananan hukumomi a Najeriya tun 1996, zamanin Janar Abacha, aka tsaya a 774. Ina kira ga wakilanmu a Abuja da Bauchi, duk lokacin da aka buɗe maganar gyaran tsarin mulki, su kai batun raba Toro. Gundumomin Toro da Jama'a da Lame kowacce ta isa ta tsaya da ƙafarta.

Ku kuma, Malam Edita, ku turo mana wakilinku a watan Agusta, ya sauka daga kwalta ya shigo ciki. Ya taho da takalmin roba.

Naku,
Wani manomi daga Gumau