Wasiƙa zuwa ga Habu: labarin waken rumfa

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu nan Zariya damina ta yi albarka. Inna na gaishe ka, ta ce ka yi shiru da yawa.

Ka tambaye ni waken rumfan nan na bayan ɗakin girki. To sha labari. Bara dai ganye na noma. Na lafta masa kashin kaji, na ƙara da yuriya, ya yi kore shar, ya rufe rumfa har ya leƙa gidan maƙwabta, amma abin da na tsinka bai cika kwano ba. Ashe wake ba ya son irin wannan gata. 'Yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa su ke samar masa abin da takin zai ba shi, in ka ƙara sai ya tafi a ganye.

Bana da ruwa ya zauna a watan Yuni na shuka ƙwaya uku-uku, na bar biyu a kowane rami. Kara ya ba ni kunya bara, iska ɗaya ta kwantar da shi, don haka na kafa sanduna na ja igiya. Abin dariya, rannan na naɗa masa reshe da hannuna, washegari na tarar ya warware ya koma ta ɗaya gefen. Yana da ɓangaren da yake bi, ba ya jin magana.

Datsewar ce ta ba ni wahala, hannuna ya ƙi. Sai da tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta dube shi, ta sa farce ta tsinke kan duk reshen da ya kai saman rumfa. Na ji kamar naman jikina ta yanka! Bayan mako biyu sai ga rassa sun fito ta gefe, fure ya biyo baya. Yanzu ni da kaina nake cire ganyen ƙasa da ya yi rawaya don iska ta ratsa, amma ba na taɓa shi sai raɓa ta bushe, kada in yaɗa masa cuta. Kuma ina yawan tsinka, domin in aka bar kwanso ya ƙosa a jiki sai ya rage fure.

Zan ajiye maka busasshe. Ka gaya wa uwargida ta jiƙa shi, ta zubar da ruwan, ta dafa ya nuna sosai, wannan ba irin wakenmu na ƙosai ba ne.

A shafa min kan yara.

Naka,
Sani