Daga Legas zuwa Kano a jirgi: lissafin da matafiya ke mantawa

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili don jawo hankalin ’yan uwanmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago masu bin jirgi zuwa gida. Da yawa suna ganin awa ɗaya da rabi a tikiti, sai su sa ɗaurin aure ko zaman kasuwa a Kano da wannan lissafi, daga baya a rasa abin da aka je yi.

Tsakanin filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja da na Malam Aminu Kano akwai kimanin kilomita 835 a miƙe. Jirgi irin Boeing 737 yana gudun kusan kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama, amma ba da wannan gudun yake tashi ko sauka ba. Hawa yana cin kusan minti 20, saukowa ma haka ko fiye, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 ana rage gudu. Lokacin da ke tikiti kuwa yana farawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake tsaye, har da jiran layi a titin tashi.

Sai abin da tikiti bai faɗa ba. Kamfanoni sukan rufe karɓar fasinja kusan minti 45 kafin tashi, don haka a isa filin jirgi awa biyu kafin lokacin tashi. Mai tasowa daga Alaba Rago ya ware wa cunkoson hanya wasu awa biyu. A kuma duba tashar da kyau, domin jiragen cikin gida suna tashi ne daga ɗaya daga cikin tashoshi biyu na filin jirgin Ikeja, wato MMA2 ko GAT, kuma ba gini ɗaya ba ne. A Kano a ƙara rabin awa na jiran kaya. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, awa shida ba abin mamaki ba ne.

Mu yi hattara da tikitin da ke biyowa ta Abuja. Legas zuwa Abuja kilomita 510 ne, Abuja zuwa Kano kuma 365, wato ƙarin nisan kusan kilomita 40 ne kawai, amma sauka da jira da sake tashi kan cinye sa’o’i.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rage gani a Kano, sai a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi wani fili. Da damina kuma hadari a Legas ke tsayar da shi. Jirgin safe ya fi aminci, saboda jirgi ɗaya ne ke zirga-zirga duk yini, jinkirin kowane zango yana taruwa a kan na yamma. Wanda aka jinkirta masa ya nemi jami’an kare haƙƙin fasinja na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) a cikin tashar, ya riƙe tikitinsa da takardar shiga jirgi a matsayin shaida.

Naku,
Wasu masu sayar da tikitin jirgi,
Agege, Legas