Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, kan gurbin karatun likita

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya ya aiki.

Ni malamin Kemistiri ne a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, kuma abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuto maka shi ne wata ɗalibata da ta zo min gida satin nan da kuka. Yarinyar nan sau uku tana zana JAMB, duk ukun maki sama da 280 take ci, ta ci jarabawar tantancewa ta jami'a, sakamakonta na WAEC ba abin da ya rasa, amma bana ma da lis ɗin waɗanda aka ɗauka karatun likita ya fito sai aka ce ta canza kwas ta koma Botani ko ta haƙura. Babanta mai faci ne a bakin titi, kuɗin fom ɗin ma mu malamai muka yi karo-karo. Ajinsu ɗaya da wani yaro wanda ni na koyar da shi na san abin da ya ci, bai kai ta ba ko kusa, shi yanzu har ya ɗinka farar riga don kawunsa ya san wanda ya san wani. Ba zan kama sunan jami'ar ba don ba ita kaɗai ba ce.

Ka fi ni sanin ƙa'idar rabon gurbin shiga jami'a, kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na 'yan yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ni ba na faɗa da wannan rabon, jihohinmu na Arewa da yawa ma sun amfana da shi. Tambayata ita ce a wane kashi takardar Sanata take, a wane kashi lis ɗin ofishin shugaban jami'a yake, da na 'ya'yan ma'aikata, da na masu sarauta? Lokacin da JAMB ta kawo tsarin CAPS na ba da admishan ta kwamfuta a 2017 ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ce mana aka yi admishan ta bayan gida ya ƙare, duk wanda ya fi maki ba za a tsallake shi ba. To wallahi ana tsallakewa, sai dai hanya aka sauya, a kira yaro a ce ya canza kwas da hannunsa tun kafin a rufe, shi kuma tsoron kar ya sake asarar shekara sai ya danna, shi ke nan a kwamfuta ya nuna da kansa ya janye, gurbi ya samu ga ɗan gata.

Abu ɗaya nake roƙo don Allah don Annabi, ba ya cin ko sisi. Ka umarci kowace jami'ar gwamnati ta manna sunayen waɗanda ta ɗauka a MBBS, wato digirin likita, da likitan haƙori, kowa da makinsa na JAMB da na tantancewa da kashin da ya shigo ta cikinsa, a allo da kuma intanet. In ɗalibata ta duba ta ga na ƙarshe a lis ya fi ta maki ni da kaina zan ce ta yi haƙuri Allah bai nufa ba. Amma a bar ta cikin duhu ana ce mata gurbi ne ya yi kaɗan alhali tana ganin na bayanta sun wuce, wannan shi ke kashe wa yara zuciya, kuma ni ne zan shiga aji gobe in ce wa ƙannenta su dage karatu yana biya, da wane baki?

Kai ne kana ƙaramin ministan lafiya aka yi ta shelar an ninka gurbin ɗaliban likita daga 5,000 zuwa 10,000, sannan a 2025 muka ji maganar naira biliyan 110 ta TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, don gyara makarantun likitanci. Mun yi murna sosai. Amma in aka ƙara gurbi ba a gyara hanyar shiga ba ai masu alfarma aka ƙara wa. Ga kuma waɗanda ke ɗiban ɗalibai fiye da adadin da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, ta amince musu, ka ga abin da ya samu ɗaliban likitan haƙori a Jami'ar Kalaba a 2025, yara sun ci shekaru sannan aka ce babu wurin yaye su.

Su ma waɗanda suka samu shiga ɗin suka gama a nan gida ba su tsira ba. Karatun shekara 6 ya koma 7 ko 8, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci musu, sun koyi aiki a kan marasa lafiyarmu a asibitin Shika na Zariya da asibitin Malam Aminu Kano da Maiduguri da Sakkwato, wani lokacin da fitilar waya, sun san zazzabin cizon sauro da jijjigar masu ciki da sikila kamar yunwar cikinsu, su fito kuma su zauna wata da watanni suna neman wurin hausjob, aikin horon da sabon likita ke yi a asibiti bayan gama karatu. A gari kuwa sai ka ji ana cewa ai wane a waje ya yi karatu, kamar na gida ragowa ne, alhali wanda ya karanto a waje sai ya ci jarabawar MDCN kafin a ba shi lasisi. Da ka soke tallafin karatun waje na BEA, wanda ake yi bisa yarjejeniya da wasu ƙasashe, hujjarka ita ce kwasa-kwasan nan muna da su a gida, to a nuna wa na gidan an yarda da su mana. Kai kanka a Jami'ar Legas ka yi digirinka na likita kafin ka tafi Amurka.

Ɗalibar tawa ta ce za ta sake zana JAMB karo na huɗu, na ce ta saya fom ɗin zan biya. Ina roƙon kafin lis na gaba ya fito umarnin manna maki ya isa jami'o'i a rubuce.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Daga wani malamin sakandare a Arewa.