Wasiƙa ga ɗiyata kan haɗa siraran wayoyin zinariya ba da sayanaid ba

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Hankalina ya kwanta da kika ce kin bar ruwan sayanaid, wato ruwan sinadarin da zinariya take narke a ciki wanda ake ciro ta daga gare shi da lantarki, domin asid kaɗan ya taɓa shi, iskar da za ta tashi kisa take yi. Sai dai ruwan salfait da kika koma wa ba shi da juriya irin ta sayanaid, sai da lallaɓawa.

Ki fara da faifan alumina, wato sinadarin alminiyam da iskar oksijin, mai ramuka masu faɗin nanomita 200 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), a cikin ramukan nan wayoyin za su tsiro. Ki lulluɓe bayansa da azurfa har ramukan su toshe ta can, ita ce za ta ɗauki lantarki. In da gurbin da bai rufu ba, ruwa zai yoyo ta baya, zinariyar ta taru inda ba ki so. Sannan ki jiƙa faifan sosai ya saki iska. Ramin da kumfa ta zauna a ciki, babu wayar da za ta tsiro a cikinsa.

Abin da na fi ji miki shi ne pH, ma'aunin tsamin ruwa, wanda yake sauka in asid ya ƙaru. Salfait shi kaɗai yana son wajen 8 zuwa sama. In ya sauka, sai ki ga ruwan ya dushe, zinariya ta kwanta a gindin kwalba. In kuma kika ɗaga shi da yawa, ruwan ya soma cin aluminar kanta. Shi ya sa na fi son gaurayen salfait da tiyosalfet, yana zama lafiya a wajen pH 6, ko da yake yakan bar ɗan ɓurɓushin farar wuta a jikin wayar.

Kada ki matsa wa lantarkin. In ya yi yawa, kumfar haidirojin za ta toshe ramuka, wayoyin su fito wasu dogaye wasu gajeru. Gara ki riƙa ba shi kina tsagaitawa, sinadarin ya samu damar sake cika ramukan. Kulom 1, wato ma'aunin yawan lantarkin da ya wuce, yana ajiye kusan miligiram 2 na zinariya in babu asara, da haka za ki ƙiyasta tsawo. Da kin ga lantarki ya yi tsalle, ki kashe nan take: wayoyin sun kai baki, sun fara yin hula suna mannewa da juna.

A ƙarshe ki cire azurfar da asid ɗin naitirik, ki narkar da aluminar da sodar yin sabulu mai ƙarfin mola 1 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin ruwa), ki ɗauraye har sodar ta fita. Injin girgizawa da ake warwatsa wayoyin da shi a cikin ruwa kuwa, ki yi amfani da shi a taƙaice, in ya daɗe yana kakkarya wayoyin. Ragowar salfait ki ware mata kwalbarta, kada ta haɗu da ragowar asid, domin iskar da za ta fito tana shaƙe ƙirji.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki