A Daina Biyo da Sunayen Sifaniyanci ta Bakin Masu Ingilishi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan gidan rediyo, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan shirin da kuka gabatar game da manyan jiragen ruwan shaƙatawa na ƙarnin da ya gabata. Shirin ya ƙayatar, kuma da ji an san an yi masa bincike. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda aka riƙa kiran jirgin nan Reina del Mar da "Rina del Maa" tun daga farkon shirin har ƙarshensa, alhali wannan lafazi ba na masu harshen ba ne, ba kuma namu ba ne. Lafazi ne na wasu masu magana da Ingilishi, aka ɗauko mana shi ɗungurungum.

Tarihin jirgin da kansa ya nuna inda matsalar ta samo asali. Jirgin Birtaniya ne, an ƙera shi a ma'aikatar Harland and Wolff da ke Belfast ta Ireland ta Arewa, ya fara aiki a 1956 a ƙarƙashin kamfanin Pacific Steam Navigation, yana ɗaukar fasinjoji daga Liverpool, ya ratsa mashigin Panama, ya gangara gaɓar yammacin Kudancin Amurka har zuwa Valparaíso ta ƙasar Chile. Kusan duk tashoshin da yake yada zango a wancan ɓangaren na masu Sifaniyanci ne, don haka ba abin mamaki ba ne da aka raɗa masa sunan da ke nufin Sarauniyar Teku a harshensu. Da jiragen sama suka ƙwace kasuwar doguwar tafiya, sai aka yi masa kwaskwarima a 1964 aka mayar da shi na yawon shaƙatawa, kamfanin Union-Castle ya riƙa tafiyar da shi daga Southampton da kuma Cape Town, har zuwa 1975 lokacin da aka kai shi Taiwan aka wargaza. Ke nan a shekarunsa na ƙarshe sunan ya koma hannun fasinjojin da akasarinsu da Ingilishi suka tashi, kowa yana karanta shi da dokokin rubutun da ya sani.

Su kuwa waɗannan dokoki na rubutun Ingilishi ba su da tsayayyar ƙa'ida a kan haruffa biyun da ke tsakiyar kalmar Reina. A kalmar receive ana karanta su kamar "i" mai tsawo, a eight ana karanta su "ei", a height kuma su koma "ai". Mai Ingilishi da ya ga sunan a jikin jirgi yana da hanya uku a gabansa, kuma biyu daga ciki ɓata ne: ko ya ce Rina, ko ya ce Raina, ko ya dace ya ce Reina. Wannan ruɗani ya daɗe, domin tsakanin ƙarni na 15 da na 17 dogayen wasulan Ingilishi sun sauya furuci ƙwarai, rubutun kuwa bai bi su ba, shi ya sa har yau harafi da sautinsa suke hannun riga a wannan harshe. Haka batun "Maa" yake. Yawancin mutanen Ingila ba sa furta "r" idan ta zo a ƙarshen gaɓa, amma Ba'amurke da mutumin Scotland da na Ireland suna furta ta, ko da yake ba irin ta Sifaniyawa ba. Abin lura a nan shi ne maƙeran Belfast da suka haɗa jirgin suna da wannan "r" a bakinsu, mutanen Liverpool da jirgin ke tashi daga garinsu kuwa ba su da ita. Wato ko a tsakanin masu Ingilishi babu lafazi guda da za a ce shi ne karɓaɓɓe, balle mu ɗauke shi hujja.

Sifaniyanci bai san wannan wahala ba. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, daidai da waɗanda ɗan aji ɗaya yake rerawa a makarantar boko a ƙasar Hausa, kuma kowanne sautinsa ɗaya duk inda ya faɗo. Reina ana cewa "re" a zarce da "i" a gaɓa guda, sannan "na", tare da kaɗa harshe sosai a "r" ta farko. Mar kuwa ana rufe ta da bugun harshe sau ɗaya. Ranka ya daɗe, wace wahala ke cikin wannan ga Bahaushe? Muna da "r" mai kaɗawa a harshenmu, ita ce muke furtawa a ƙarshen kalmar "biyar" ba tare da mun yi tunani ba. Abin da mutumin Landan yake fama da shi, mu a cikin nono muka sha shi. Idan muka ce "Maa" mun ari gazawar da ba tamu ba, kamar mai lafiyar ƙafa ne ya ga gurgu yana ɗingishi ya ce shi ma haka zai riƙa tafiya.

Akwai kuma abin da kunnen mai sauraronku yake ji, wanda mai Ingilishi ba ya ji. Rina a Hausa ƙwaro ne mai harbi, ko kuma aikin marina, raina kuwa wulaƙanci ne. Mai sauraro a ƙauye da bai taɓa ganin sunan a rubuce ba, abin da ya shiga kunnensa shi zai riƙe, shi kuma zai maimaita wa wasu.

Ba wannan jirgi kaɗai abin ya shafa ba. Wanda ya gabace shi, wato Reina del Pacífico na 1931, wanda tsohon Firaministan Birtaniya Ramsay MacDonald ya rasu a cikinsa a 1937 yana kan hanyar Kudancin Amurka, yana da ɗan karan da ke kan "i" wanda ke nuna gaɓar da ake ƙarfafawa, amma rubutun Ingilishi yakan watsar da shi. Haka aka yi wa Orduña, wani jirgin wannan kamfani da ya ci sunan wani gari a yankin Basque na Sifaniya: an cire alamar da ke kan "n", sai "Ordunya" ta koma "Orduna", alhali a Sifaniyanci "ñ" harafi ne mai zaman kansa, kuma sautinsa kusan shi ne "ny" ɗin da muke furtawa a "hanya". A zamaninmu ma kamfanonin Amurka na son irin waɗannan sunaye saboda daɗinsu a kunne. Ga Carnival Vista da ya fara aiki a 2016, ga kuma Sirena na kamfanin Oceania, wanda masu Ingilishi da dama kan kira kamar sunan mace Serena, bayan masu kalmar suna cewa "si-re-na". Kalmar vista ma tana da darasi a gare mu, domin Sifaniyawa ba sa bambanta "v" da "b" a furuci. Bahaushen da ya ce "bista", wanda wasu 'yan boko za su yi wa dariya, ya fi kusa da mutumin Madrid a kan wanda ya cije leɓe don ya burge.

Na san za a iya ce mini jirgin na Turawan Ingila ne, su suka biya kuɗin ƙera shi, don haka yadda suka kira abinsu haka yake. Hujjar tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Kowane harshe yana tanƙwara baƙin sunaye su dace da bakin masu shi, kuma ba na ganin laifin Ba'amurken da ke kiran Los Angeles yadda ya gada daga iyayensa. Mu ma muna yi: "p" takan koma "f" a bakinmu, shi ya sa da yawanmu za su ce "Fasifiko", kuma babu aibi a wannan, domin tanƙwarawa ce da ta fito daga tsarin harshenmu. Su kansu masu Sifaniyanci sun rabu a kan "c" ɗin wannan kalma, yawancin mutanen Sifaniya suna sa harshe tsakanin haƙora, mutanen Latin Amurka kuwa suna cewa "s". Abin da nake ƙi shi ne tanƙwarawa sau biyu, wato Ingilishi ya lanƙwasa suna don ya dace da shi, mu kuma mu karɓi lanƙwasasshen mu ƙara masa namu, har a wayi gari mai sunan ya ji bai gane ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Magabatanmu ba su jira Turawa sun koya musu sunan Misira ko Sham ko Sin ba, daga Larabci suka ɗauko kai tsaye, kuma har yau waɗannan sunaye suna zaune daram a Hausa.

Sifaniyanci ba ƙaramin harshe ba ne da za a ce ba a samu wanda za a tambaya ba. Harshen gwamnati ne a ƙasashe 20, ciki har da Equatorial Guinea da ke nan kusa da mu, kuma duk ƙarshen mako matasanmu suna cika gidajen kallo suna bin gasar ƙwallon Sifaniya, suna jin yadda ake kiran Sevilla "Sebiya". Kunnuwansu sun riga sun buɗe, kuma suna lura idan gidan rediyo ya yi tuntuɓe.

Tun a 1926 BBC ta kafa kwamitin ba da shawara kan furuci, kuma daga baya ta mayar da aikin hannun sashe na musamman da masu karanta labarai ke tuntuɓa kafin su shiga ɗakin watsa shiri. Ba na cewa ku ɗauki sababbin ma'aikata. Roƙona shi ne, duk sunan Sifaniyanci da zai shiga shiri, na jirgi ne ko na gari ko na mutum, mai shirya shirin ya saurari yadda masu harshen ke furta shi, abin da ba ya ɗaukar minti biyu a intanet, sannan ya rubuta shi da haruffan Hausa a gefen takardar mai gabatarwa, gaɓa-gaɓa. A ajiye waɗannan sunaye a littafi guda ko a kwamfutar ofis, domin wanda zai karanta labaran gobe ya same su a shirye. Idan kuma za a maimaita wancan shiri, ina fatan a sake naɗar wuraren da aka ambaci jirgin.

Allah ya ƙara basira, ya kuma ɗaukaka wannan gida.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum, daga Zariya.