Bindiga Mara Nauyi Don Gasa Da Farauta: A Fara Duba Aikin Da Za Ta Yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi bayani a kan wata tambaya da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Amurka da Kanada suke yawan yi mini, musamman matasan da suka fara sha'awar wasan harbi daga nesa. Abin da suke son sani shi ne wace bindiga guda ɗaya mutum zai saya, mara nauyi, wadda zai shiga gasa da ita a ƙarshen mako, kuma idan lokacin farauta ya zo ya rataya ta ya hau duwatsu. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin masu talla sun riga sun cusa musu cewa akwai bindigar da ta haɗa komai, alhali kuwa duk nauyin da aka rage mata akwai abin da aka yi asararsa a madadinsa.

Maganar nan ta shafi ƙasashen da doka ta tsara wannan wasa ne. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, kuma duk mai hankali ya san irin ɓarnar da yaɗuwar makamai ta jawo wa garuruwanmu, saboda haka kada mai karatu na gida ya ɗauki wasiƙar nan a matsayin kira ga neman makami. Ko a Amurka ma, baƙon da ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai a wasu 'yan yanayi, kamar idan yana da lasisin farauta, kuma yawancin jihohi ba sa ba sabon mafarauci wannan lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta.

Gasar da ta fi jan hankalin matasa ita ce Precision Rifle Series, wadda aka fara a Amurka a 2012. A cikinta ana harbin farantai na ƙarfe da aka kakkafa a nisa dabam-dabam, daga 'yan ɗaruruwan yadi har zuwa yadi 1,000 ko fiye, kuma galibi ana ba mutum daƙiƙa 90 zuwa minti biyu ya saki harsashi wajen goma, yana sauya wurin tsayawa daga kan shingen katako zuwa kan dutse ko tsohuwar taya. Duk wanda ya taɓa zuwa kallo zai lura cewa bindigogin gwanayen wasan sukan kai kilo 9 zuwa 11, har ma da gangan ake ɗaura musu gutsattsarin ƙarfe don su ƙara nauyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan harsashi ya fita, bindiga takan koma baya ta doki kafaɗa, kuma idan harsashin iri ɗaya ne, bindigar da nauyinta rabin na wata ne dukanta yakan ninka na waccan. Ba zafin kafaɗa ne ya dami ɗan gasa ba. Abin da ya dame shi shi ne kada bindigar ta yi tsalle ta ɗauke masa abin da yake gani a cikin madubin hangen nesa da ke kan bindigar, domin yana bukatar ya ga inda harsashinsa ya tayar da ƙura, hagu ko dama da farantin, ya gyara lissafin iska kafin ya sake taɓa kunama. Mai bindiga mai nauyi yana ganin wannan ƙura da idonsa, shi kuwa mai mara nauyi kafin ya dawo da saitinsa ƙurar ta kwanta, sai ya maimaita kuskuren da ya yi a harbin farko. A wata tsohuwar gasa da ake kira F-Class, wadda ta samo asali a Kanada, dole ta sa aka ƙayyade nauyi, kilo 10 a wani rukuni da kilo 8.25 a wani, kuma da nauyi ba ya ba mai shi galaba da babu wanda zai damu ya yi masa iyaka.

Halin mafarauci ya sha bamban da wannan. Wanda yake bin babbar barewar nan da ake kira elk, wadda namijinta kan kai girman gwanki ko ya fi, a duwatsun Montana ko Idaho ko Kolorado, yakan wuni yana hawa da gangara a wuraren da tsayinsu ya wuce mita 2,500, inda numfashi yake ƙaranci, ga jaka a baya, ga sanyi, kuma idan Allah ya ba shi sa'a a bayansa zai fito da naman. A irin wannan tafiya kowane rabin kilo yana da muhimmanci. Harbi ɗaya yake nema, tun bututun bindigar yana da sanyi, sai ko na biyu idan bukata ta kama. Saboda haka abin da ɗan gasa yake ƙarawa da kuɗinsa shi ne abin da mafarauci yake biyan kuɗi a cire masa, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Duk da haka akwai inda ɓangarorin biyu suka haɗu, kuma can nake tura duk wanda ya nace a kan bindiga ɗaya. Gasar NRL Hunter an tsara ta ne don ta kwaikwayi farauta: mutum yana ɗauke da kayansa duka, shi zai nemo farantin da aka yanka da siffar dabba, shi zai auna nisa, sannan ya harba kafin lokaci ya ƙare. A rukuninta mara nauyi bindiga da madubinta da sauran abin da aka ɗaura mata ba za su wuce laba 12 ba, wato kusan kilo 5.4, a rukuni mai nauyi kuwa laba 16, wajen kilo 7.3. Sun kuma gindaya mafi ƙarancin ƙarfin harsashi, wanda ƙananan harsasan milimita 6 da suka mamaye ɗaya gasar galibi ba sa kaiwa. A ganina wannan iyaka ta kilo 5.4 ita ce ma'aunin da ya fi dacewa da mai neman bindiga guda don aiki biyu, da sharaɗin ya yarda tun farko cewa ba zai ci kofi da ita a gasar masu kilo 10 ba, kuma a kan dutse za ta ɗan fi ta abokan tafiyarsa nauyi.

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin shiga shi ne duba nauyin da kamfani ya rubuta a kwali. Wannan nauyin bindiga ne tsurarta. Tikka T3x Lite, alal misali, wadda kamfanin Sako yake ƙerawa a garin Riihimäki na ƙasar Finland, wajen kilo 3 take. Amma madubin hangen nesa mai kyau yakan kai giram 700 zuwa 900, ga zobban da suke riƙe shi, ga ƙafafu biyun da ake ɗora gaban bindigar a kansu, ga na'urar rage ƙara a inda doka ta yarda da ita, ga maratayi da harsasai. Kafin a ankara an doshi kilo 5. Ya kamata mutum ya rubuta nauyin kowane abu a takarda ya tara kafin ya fitar da ko sisi, ya kuma tuna cewa rage giram 200 ta hanyar sayen ƙarfen titaniyam yakan ci kuɗi mai yawa, kuɗin da zai fi amfani idan aka sayi harsasan atisaye da shi.

Batun bututu shi ne inda na fi so a tsaya a yi tunani. Siririn bututun ƙarfe ba shi da laifi a harbi uku na farko, amma yana saurin ɗaukar zafi, kuma a bindigogi da yawa da zarar ya yi zafi sai wurin da harsashi yake sauka ya fara matsawa. Na sha tsayawa bayan mai irin wannan bindiga a filin atisaye da rana tsaka: zuwa harbi na bakwai ko na takwas, idan ka leƙa madubinsa za ka ga farantin yana rawa kamar an nutsa shi cikin ruwa, saboda hucin da yake tashi daga bututun yana ratsawa ta gaban gilashin, ga shi kuma ba ya iya taɓa ƙarfen da hannu. Don magance wannan ne wasu kamfanoni, irin su Christensen Arms na jihar Utah da Proof Research na Montana, suke yin bututu mai siririn ƙarfe a ciki su naɗe shi da zaren kabon, ya fito da kauri ba tare da nauyin ƙarfe zalla ba. Irin wannan bututu ya fi siririn ƙarfe mai nauyi ɗaya da shi tauri, wannan gaskiya ne, sai dai ban yarda da masu cewa ya kai bututun ƙarfe mai kauri jure harbi a jere ba, domin ƙarfen da yake shanye zafin kaɗan ne a cikinsa. Ga mai ƙaramin ƙarfi, bututun ƙarfe mai matsakaicin kauri, tsawon inci 20 zuwa 22, ya wadatar. Gajarta bututu tana rage gudun harsashi kaɗan a kowane inci, amma tana sa bindigar ta yi daɗin ɗauka a cikin kurmi, balle idan an ɗaura mata na'urar rage ƙara.

A fannin harsashi kuwa, shawarata ba ta sauyawa: gwargwadon rashin nauyin bindiga, gwargwadon yadda ya kamata a sassauta ƙarfin harsashinta. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 aka kuma raɗa masa sunan kamfanin Creedmoor Sports, mai ɗauke da sunan tsohon filin harbin nan na New York inda Amurka ta kara da Ireland a 1874, yana tura dalma mai nauyin giram 9 da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, dukansa da sauƙi, ana samunsa a kusan kowane kanti, kuma bututu yakan jure harbi dubu biyu zuwa uku kafin saitinsa ya fara lalacewa. Tsohon harsashin .308 Winchester na 1952 ya fi shi tsawon ran bututu, amma iska ta fi kaɗa shi a nesa. Manyan harsasai irin su 7mm PRC na 2022 sun fi dacewa da babbar dabba, sai dai a bindigar kilo 4 suna duka sosai, suna cinye bututu da wuri, kuma suna koya wa sabon maharbi mummunar ɗabi'ar runtse ido da fizgar kunama tun kafin harsashi ya fita, ɗabi'ar da take da wuyar bari. Ƙarfe mai huje-huje da ake ɗaurawa a bakin bindiga yana rage dukan, amma ƙararsa tana illata kunnen maharbi da na wanda yake kusa da shi idan ba su toshe ba.

Ƙota ta zama wadda ake iya ɗaga wurin ɗora kunci don ido ya daidaita da madubi, kunama kuma ta saki ba tare da jan ƙafa ba. Alkawarin da kamfanoni suke yi na cewa harsasai uku za su taru cikin inci ɗaya a yadi 100 bai isa hujja ba, domin uku sukan taru da sa'a. A gwada da goma, a ranaku dabam-dabam, a kuma lura musamman da inda harbin farko na bututu mai sanyi yake sauka.

Malam Edita, abin da ya fi damuna a cikin wannan lamari duka shi ne yadda wasu suke ɗaukar nisan da suka taɓa samun faranti a gasa su mayar da shi nisan harbin dabba. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, idan tana ratsowa ta gefe, takan karkatar da harsashin 6.5 Creedmoor wajen mita ɗaya da rabi a yadi 1,000. Ko a yadi 500 harsashi yakan yi fiye da rabin daƙiƙa a hanya, lokacin da ya ishi barewa ta yi taku ɗaya, harsashin da aka auna wa huhu ya sauka a tumbi, ta gudu ta je ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Ga kuma cewa harsashin farauta yana bukatar wani gudu, wanda masu ƙera shi da yawa suke kimantawa da kusan mita 550 a daƙiƙa, kafin ya buɗe ya yi kisa nan take. Faranti idan aka kuskure shi maki ɗaya aka rasa. Ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887, ta fito fili ta nuna rashin amincewa da mayar da dabba abin gwada gwanintar harbi daga nesa, mu kuma Musulmi mun riga mun san cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a riƙi abu mai rai a matsayin abin koyon harbi, ya kuma umarce mu da kyautatawa ko a wurin yanka.

Hanyar da nake ba matasanmu shawara su bi wajen gane iyakarsu ita ce su kafa faranti mai faɗin santimita 20, kwatankwacin wurin kisa a jikin barewa, su yi tafiya mai sa haki da jakarsu a baya, sannan su kwanta a ƙasa ko su jingina da jakar, ba a kan teburin filin atisaye ba, su saki harsashi ɗaya tak da bututu mai sanyi. Su maimaita haka a ranaku masu iska da marasa iska, suna ƙara nisa sannu a hankali. Nisan da suka fara kuskure a cikinsa ya riga ya wuce wanda ya kamata su ɗaga bindiga a kan dabba, kuma da bindiga mai kilo 5 yawancin mutane za su tarar wannan nisa bai kai rabin wanda suke harbi a gasa ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, amin.

Wassalam,
Wani mai karatu daga jihar Montana, Amurka