Kafin a ƙara gas a AC ɗin mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu mota: da zarar AC ya fara hura iska mai ɗumi, sai su ce a ƙara gas. Gas ba ya ƙarewa haka kawai; in ya ragu, akwai inda yake yoyo.

A fara da mai sauƙi. A tayar da mota, a kunna AC, a buɗe bonet a dubi kwamfaresa, wato na'urar da ke matsa gas tana zagaya da shi cikin AC. In tsakiyar fulinta, wato faifan da bel ke juyawa, ba ta ce "ƙwas" ta kama juyawa ba, a duba fiyus da rile, wato makunnin da ke tura mata wuta. Ƙarancin gas ma kan sa na'urar kariya ta hana ta kamawa.

In sanyi na zuwa ana tafiya, ya ɗauke in an tsaya, fankar kwandansa ce ta samu matsala, ko ƙura ta toshe kwandansan, wato abin da ke huce zafin gas a gaban lagireto. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi, don siraran ƙarafunansa ba sa jure matsi.

Wurin yoyo kuwa yakan nuna kansa: danshin mai da ƙura ta manne masa a mahaɗar tiyo. Ruwan sabulu zai yi kumfa a wurin. A canza robar mahaɗar, a zuƙe iskar da ke cikin AC da injin zuƙar iska na minti 30, sannan a zuba gas da sikeli, daidai giram ɗin da ke rubuce a ƙarƙashin bonet. Cikawa fiye da kima na rage sanyi, yana kuma kashe kwamfaresa. Don Allah kada a gauraya nau'o'in gas ɗin nan biyu, R134a da R1234yf.

Naka,
Mai gyaran AC